Tsohuwar rigar aure: a gyara ta, a farke ta, ko a ciri leshin kawai?

Idan amarya ta kawo wa tela rigar da mahaifiyarta ko gwaggonta ta yi biki da ita, ta ce a mayar mata da ita ta zamani, hanya uku ce a gabansu. Ko a bar rigar yadda take, a rage nan a buɗa can. Ko a farke ta ɗungurungum a sake yanka. Ko kuma a ciri abin da ke da sauran rai a jikinta, leshi ne ko duwatsu ko aikin baki, a ɗora a kan sabon yadi. Yawancin amare da hoto a waya suke zuwa, sun riga sun zaɓi ɗinkin da suke so. Amma ba hoton ne ke zaɓar hanya ba, yadin ne. Duk wadda ta yanke shawara ba a gwada ƙarfin yadin ba, to ta shirya jin hammata ta yage a tsakiyar dina.

Kaya iri biyu ake kawowa a Kano, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai farar riga irin ta Turawa, wadda wasu iyaye suka sa a liyafa a shekarun 1980 da 1990, ko aka tsinto a gwanjon Ƙofar Wambai, ko wata 'yar uwa ta aiko daga waje. Akwai kuma namu na gida: leshin biki da aka ɗinka buba da zani da gyale aka ajiye a ƙasan akwati. Farar rigar an riga an yayyanka ta ƙanana-ƙanana bisa jikin wata mace. Namu kuwa, zanin da gyalen kusan ba a taɓa su da almakashi ba, yadi ne shimfiɗaɗɗe. Wannan bambanci shi ne rabin amsar.

Gwaji kafin almakashi

A shimfiɗa rigar a kan farin zanen gado a wuri mai haske, a juya ta baibai. Wurin da za a fara dubawa shi ne hammata, domin gumin da ya shekara talatin a cikin zare yana cinye shi, ko da ido bai ga tabo ba. A kama yadin da hannu biyu, tazarar inci ɗaya, a ja a hankali. Idan aka ji ƙara ko aka ga zare na buɗewa, wannan wurin ya mutu. Haka za a yi a kugu, a gefen zif, da duk layin da rigar ta daɗe a ninke a kansa. Sannan a ɗaga siket ɗin a duba shi ta hasken taga: ƙananan ramukan asu da kyankyaso ta nan suke bayyana, haka ma wuraren da yadi ya siranta.

Bayan haka a gano wane irin zare ne. A yanko ɗan ƙyalle daga rarar ɗinki ta ciki, kamar faɗin farce, a riƙe da hantsaki a kusantar da ashana. Auduga tana ci da sauri, warinta na takarda, tokarta mai laushi. Siliki na gaske yana warin gashi da ya ƙone, ya bar baƙin dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Poliyesta narkewa take yi ta bar ƙwallo mai tauri. Asitet, wanda da shi aka yi satin da shafin riguna da yawa na wancan zamani, yana narkewa yana ci, da ɗan warin tsami. Sanin asitet yana da muhimmanci, domin ɗigon ruwan goge jan farce mai asiton yana huda shi nan take, kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi. A gwada yadin sama daban, shafi daban, leshi daban, don sau da yawa riga ɗaya zare uku ne a jikinta.

Wanki yana zuwa kafin awo, ba bayansa ba, saboda auduga da rayon, wani zare mai kama da siliki, suna iya tsukewa. Babban kuskuren da ake yi a gida shi ne a ga riga ta yi rawaya a ɗauko Hypo ko Jik. Bilicin kulorin da ke cikinsu yana cinye siliki, nailan da poliyesta kuma yana iya ƙara musu rawayar da ba ta fita. Bula ma ba magani ba ce, dabbare-dabbare take bari a leshi. Auduga da poliyesta suna jure jiƙo a ruwa mai ɗumi da garin bilicin iskar oksijin, awa huɗu zuwa shida, a sauya ruwa idan ya yi duhu. Siliki ba ya son wannan garin. Shi sai ruwan sanyi da ɗan sabulun wanke kan jarirai, ko a kai wa masu dirai-kilin da suka saba da kayan amare, a kuma gaya musu ko duwatsun ɗinke suke ko manna su aka yi da gam, don na gam zubewa suke yi a maganinsu. Ruwan ya kasance mai tsabta, ba wanda ya kwana a tanki mai tsatsa ba. Jiƙaƙƙiyar riga ba a ɗaga ta ta kafaɗa, nauyin ruwa zai yaga ta. A sa zanen gado a ƙarƙashinta tun a baho, a ɗago da shi, a shanya a kwance a inuwa. Dutsen guga na gawayi kada ya kusance ta.

Wasu tabon ba sa fita, gara a sani tun yanzu. Lemon kwalba da ya zube ranar biki ba a gani ba, sukarinsa yakan koma ruwan ƙasa bayan shekaru. Tsatsar ƙugiya da ta akwatin ƙarfe takan ci zaren har ta huda. Man humra da turare ma yakan kama satin. Irin waɗannan sai dai a yanke wurin ko a rufe da furen leshi. Warin kafur kuwa iska ce maganinsa, kwana da kwanaki a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, amma ba lokacin ƙurar hunturu ba.

Hanya ta farko: gyara kaɗan

Wannan ita ce mafi arha da sauri, kuma ita ce ke barin rigar da kamanninta, har uwa ta gani ta gane kayanta. Ko a gidan sarautar Ingila an bi ta: a 2020 Gimbiya Beatrice ta yi aure da tsohuwar rigar kakarta Sarauniya Elizabeth, ɗinkin telanta Norman Hartnell, aka ƙara wa rigar hannu na oganza, wani siririn yadi shara-shara, aka daidaita tsayi. Sharaɗinta biyu ne: yadin ya ci gwajin ja a ko'ina, kuma jikin amarya bai yi nisa da na mai rigar ba.

Ragewa ba ta da wuya, ana iya rage har inci huɗu ta gefe da baya ba tare da surar riga ta lalace ba. Buɗawa ce aiki. Lissafinta haka yake: idan an bar rarar inci ɗaya a kowane ɗinkin gefe, dole a bar rabin inci don ɗinkin ya riƙe, saura rabin inci daga kowane ɓangare. Gefe biyu, kowanne da gaba da baya, jimla inci biyu ke nan. Shi ke nan abin da rigar za ta bayar. Kuma a satin ramukan tsohuwar allura ba sa ɓacewa, yadin da ya ɓuya a cikin ɗinki kuma ya fi na waje fari, sai a ga layi daga hammata har kugu.

Idan bukatar ta wuce inci biyu, ko a sa ƙari a gefe ko a cire zif a mayar da bayan na igiya irin na koset. A ce ƙirjin riga 34, na amarya 37, a ƙara inci ɗaya na numfashi, ana neman inci huɗu. Kowane gefe inci biyu, a yanka uku saboda ɗinki. Abin da telan gaggawa ke mantawa shi ne wannan ƙarin yana faɗaɗa ramin hannu, don haka hannun ma sai an sa masa nasa ƙarin mai siffar kibiya, in ba haka ba ya tattare. Bayan igiya yana ba da inci uku zuwa huɗu, kuma yana yafe wa amarya ƙiba ko ramar makon biki, amma dole a sa ƙyalle mai shafi a ƙarƙashin igiyar, wanda ya fi tazarar faɗi da inci biyu kowane gefe, don kada baya ya fito. Fiye da inci biyar, a haƙura da wannan hanya. Ƙari a gefe ba ya matsar da mazaunin ƙirji, sai riga ta zauna kamar ta aro.

Rigunan shekarun 1980 suna da wata fa'ida ga amaryar Kano. Bayan auren Gimbiya Diana ta Ingila a 1981, da rigarta mai kumburarren hannu da jela mai ƙafa 25, yayin ya bazu, kuma yawancin rigunan lokacin suna da dogon hannu da rufaffen wuya. Suturar da yau ake biyan tela ya ƙara wa sababbin riguna, su da ita suka zo. Abin da ya tsufa a jikinsu kumburin kafaɗa ne da ƙaton ƙullin ado na baya. Idan aka farke hannun aka cire tattarar, yadin da ke ciki yakan kai rabin yadi, ya isa a yanka siririn hannu har a sami ƙyallen ƙari mai launi ɗaya da rigar. Tsayi kuma, in akwai aikin leshi a ƙasa, ta kugu ake ragewa, ba ta baki ba.

Hanya ta biyu: a farke a sake yanka

A nan ne leshinmu na gida ya yi wa farar riga fintinkau. Leshin Siwizalan da na Ostiriya da iyaye suka saya, irin wanda garin Lustenau na Ostiriya ke yi wa kasuwar Najeriya tun shekarun 1960, yawanci a kan auduga aka yi aikinsa, kuma auduga mai kyau tana daɗewa idan ba ta sha danshi ba. Yadi biyar ake sayarwa. Zani ya ci kamar biyu, gyale ko ɗankwali ɗaya da wani abu, saura buba. Wato akwai kusan yadi uku da rabi lafiyayye, ga kuma gaba da bayan buba da za su ba da hannu. Wannan ya isa doguwar riga miƙaƙƙiya mai dogon hannu ga mace matsakaiciya. Bai isa mai buɗewa daga gwiwa ba. Mai son wannan sai a ƙara mata net ko satin sabo daga gwiwa zuwa ƙasa, yadi uku zuwa huɗu, a gangaro da furannin tsohon leshin a kan mahaɗar don ta ɓace. A lura da wuri ɗaya a zani: inda ake zama a kai da inda ake soke shi a kugu sun fi sauran siranta, kada su faɗa a ƙirji ko hammata.

Farar riga kuwa, sake yanka ta yana da ma'ana ne kawai idan siket ɗinta babba ne. Siket mai tattara da jela yakan ba da yadi huɗu ko fiye idan an farke an goge. Saman rigar ba a cika cin moriyarsa ba, ƙananan yanka ne. Rigar shekarun 1990 mai bin jiki ba ta da abin bayarwa, ita ko a gyara ko a ciri ado.

Ƙa'idar wannan hanya ita ce ba a sa almakashi a tsohon yadi sai an gama gwada yankan a kan yadi mai araha, an sa wa amarya, an gyara, sannan a farke shi ya zama ma'auni. Sabon yadi in ya lalace ana komawa Kantin Kwari a ƙaro, wannan kuwa babu inda za a same shi. Kowane yanka ya bi tsayin zare, kuma a satin duka su fuskanci gefe ɗaya, in ba haka ba wani ɓangare ya fi wani sheƙi a hoto. A yi wa kowane yanka goyo da sabon oganza ko auduga marar nauyi, a ɗinke su tare, domin sabon ya ɗauki ja, tsohon ya zama fuska kawai. Allurar keke ta zama siririya, lamba 9 ko 10, sabuwa, takun ɗinki kamar milimita biyu da rabi. Taku ƙanana sosai yana jera ramuka kusa da kusa, yadin ya tsage a kan layin. Daga ciki a sa ɗamarar kirtani mai faɗin inci ɗaya a kugu, mai ƙugiyarta daban, ita za ta ɗauki nauyin siket maimakon kafaɗa.

Wannan hanya ta fi sabon ɗinki cin lokaci, don haka kuɗin aikinta ya fi. Wanda ya ce miki zai yi ta a farashin ɗinkin atamfa, ba zai farke da hannu ba, yankewa zai yi ta kan ɗinki, a rasa inci ɗaya a kowane gefe. Kuma a sani, idan an gama, ba rigar Hajiya ba ce kuma, yadin Hajiya ne. Wasu iyayen ba su gane haka sai sun gani, ran su ya ɓaci.

Hanya ta uku: a ciri ado a ɗora a sabo

Ga yawancin fararen rigunan da suka kwana a akwatunan Kano, cikin zafi da kafur, wannan ce ta fi dacewa, ko da yake ita ce amare suka fi raina wa da farko. Satin da shafi su ne ke fara mutuwa, leshi da duwatsu da maɓallai sukan rayu. Ana yanko furannin leshin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin almakashi, a bar ɗan net kaɗan a kewaye, a jera su a kan sabuwar rigar tana jikin gunkin tela, a kafe da fil, a ɗinke da hannu. Gam yana da sauri, amma yana taurara leshi, yana rawaya, kuma ba a sake cire furen don wata ƙanwa. Tsofaffin duwatsu a sake ɗinke su da sabon zare, a ƙulle bayan kowane uku ko huɗu, don idan ɗaya ya tsinke kada layi duka ya zube a filin rawa.

Matsalarta ɗaya ce babba: launi. Tsohon leshi ya koma ruwan madara, sabon farin yadi kuma ana sa masa sinadarin ƙara haske da ke sa shi ɗaukar shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar ɗakin taro da hasken kyamara. In aka haɗa su, tsohon sai ya zama kamar mai datti. Don haka a tafi kasuwa da furen a hannu, a fito da yadin bakin shago a duba a rana, a kuma ɗauki hoto da filashin waya. Ko a zaɓi ruwan madara ko ruwan zinare mai haske, ko a bar neman dacewa gaba ɗaya a ɗora shi a kan launi mai duhu kamar kore ko jan karammiski, inda tsufansa zai zama ado. Ruwan ganyen shayi yana rage wa sabon leshin auduga ko nailan fari, amma ba ya kama poliyesta.

Masu tunanin rini su ma su yi hattara. Shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata yana kama auduga da kyau, poliyesta kuwa ba ta karɓa. Leshin da ƙasansa auduga ne aikinsa poliyesta zai fito kala biyu, zaren ɗinki ma ya tsaya fari. Wani lokaci hakan yana kyau, wani lokaci a'a. A fara kai ƙyalle.

Ba dole ne adon ya hau riga ba. Bakin leshi mai tsawon yadi uku yana zagaye mayafin amarya, furanni suna hawa kafaɗar alkyabba ko bakin lafaya. Ga wadda danginta ko dangin ango za su yi surutun an sa tsohon kaya a biki, wannan ya raba gardama: riga sabuwa ce, albarkar uwa kuma tana jiki.

Wace ce ta wane taro

Dina tana da rawa da liƙi da runguma, awa huɗu ko biyar. Tsohon yadin da aka yi wa gyara kaɗan shi ne ya fi shiga haɗari a nan, sai fa in poliyesta ce mai ƙarfi. Hanya ta biyu mai goyo ko ta uku su suka fi jurewa. Kamu da walima da ɗaukar hoto sun fi sauƙi, amarya a zaune take mafi yawan lokaci, riga mai rauni tana iya kai labari. Buɗar kai tana da durƙuso, don haka a wurin gwaji kada a tsaya a gaban madubi kawai: a zauna, a durƙusa, a ɗaga hannu kamar za a gyara ɗauri. Yanayi ma yana da ta cewa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kai digiri 40, riga mai tsohon yadi da goyo da shafi hawa uku ce, shafin nan ya zama auduga.

Idan hammata da kugu da siket duk sun faɗi gwaji, leshin ma yana marmashewa a hannu, to a mayar da rigar inda take, a ɗinka sabuwa ko a ɗauki haya. Haya ta fi kowace hanya arha ga farar rigar dare ɗaya, sai dai ba a yarda a yanka ta, gyaranta ɗan kamu ne da za a warware.

Kafin komai a tabbatar da mai rigar ta yarda a yanka, a gaya mata ƙarara, "Hajiya, ba za ta dawo yadda take ba." In mai rigar ta rasu, kayan gado ne, sai sauran magada sun amince. A ɗauki hoton rigar gaba da baya da ciki kafin a farke, a kuma yi sharaɗi da tela ya dawo da duk ƙyallen da ya rage. Hanya ta farko tana son mako shida, ta biyu da ta uku wata uku zuwa huɗu, kuma kada aikin ya faɗa cikin azumi ko gab da Babbar Sallah, lokacin da babu telan da ke da natsuwar ɗinkin hannu. Gwaji uku ake yi, da takalmi da rigar ciki da za a sa ranar. Na ƙarshe ya kasance saura mako biyu, kafin a shiga dilka da lalle, domin kurkum da mai da ke fatar amarya a makon gyaran jiki suna kama farin leshi, kuma babu sauran lokacin wanki.